Hangen Dala ba shiga birni ba, ko da sikof ɗin 8x ne

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in na ga bindigar UMP45, mai feshi ta harbin kusa, yashe a ƙasa cikin wasan PUBG Mobile sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ƙanena ya daina tayar da maganar. Ya samo hanyar da ta fi maganar ciwo: duk garin da muka sauka, in ya ci karo da sikof ɗin 8x, madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga, sai ya tsaya a kansa, ya danna alama yadda kowa zai gani, ya ce, "Yaya, ga amaryarka nan." Sauran biyun su fashe da dariya, ni kuma in yi kamar sabis ne ya ɗauke ban ji ba.

Mu huɗu ne muke buga PUBG Mobile tare kusan kullum bayan sallar isha'i. Ni, da ƙanena, da mai shagon cajin waya na bakin layinmu wanda muke zama a bencinsa saboda yana da sola, sai wani ɗan Maraɗi da muka haɗu da shi a cikin wasan shekara biyu da suka wuce, wanda har yau ba mu taɓa ganin fuskarsa ba amma mun san tarinsa da kukan ɗansa. A daren da nake magana, kakar wasa ta zo ƙarshe, washegari za a rufe ta a mayar da kowa baya. Ƙanena yana matakin Crown I, saura masa maki ashirin da 'yan kai ya cika 4200 ya shiga matakin Ace. Bai taɓa shiga ba. Yaron nan ya yi sati uku yana tattalin makin nan kamar mai tara kuɗin aure, ba ya sauka inda ake cunkoso, ba ya bin akwatin manyan makamai da jirgi ke jefowa, har datar da yake saya da kuɗin ɗinki duk a nan take ƙarewa. Wasa ɗaya mai kyau kawai muke buƙata. Ba sai mun ci kaza, wato mun zo na ɗaya, ba ma, mu dai kai cikin ukun ƙarshe da 'yan kisa kaɗan, shi ke nan.

Ni asalina ba maharbin nesa ba ne. Tun 2019 da na fara, ɗan kutse ne ni, mai hawa bene da bindiga mai feshi, in an kashe ni an kashe ni. Abin da ya canja ni wata rana ce a taswirar Erangel, kan tudun da ke kallon gonakin Pochinki. Na tsinci Kar98k, bindigar harbin nesa, da 8x a akwatin wani da muka kashe, na ce bari in leƙa kawai. Sai ga mutum kwance a tsakiyar gona, a fili, kamar an shanya shi. Shi a wayarsa yana cikin ciyawa har wuya, ya tabbata ya ɓuya. Bai san cewa wasan ba ya zana ciyawa daga nesa ba, saboda haka wanda ke can kan tudu yana ganin sa tsirara. Na ɗora masa a ka, na saki. Ya zama akwati nan take. Ƙarar Kar98k ɗin nan, da ɗan jinkirin da ke tsakanin harbi da faɗuwar mutum, wallahi wani abu ne da ban iya kwatanta shi ga wanda bai ɗanɗana ba. Daga ranar na lalace.

Kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na yi aiki a kai. Na yi sati biyu ina shiga filin atisaye kafin kowa ya hau. Saurin juyawar kowane sikof daban yake a saiti, kuma na 8x shi ya fi wahalar daidaitawa, domin motsin yatsa da bai kai ƙwayar gero ba sai ya ɗauke ka daga kan mutum ya kai ka kan dutse. Na fara da kwafo lambobin wani da na gani a bidiyo, abin ya ƙi, don wayarsa ba irin tawa ba ce, yatsunsa ma ba irin nawa ba. Sai na koma ina ragewa da kaɗan-kaɗan har na sami inda hannuna ya zauna. Na kunna jairo, mai sa saiti ya bi motsin waya, a lokacin leƙe kawai, ta yadda babban juyi da yatsa nake yi, gyaran ƙarshe kuma da karkata wayar. Na sauya harbin bindigogi masu kulki, irin Kar98k da ake ɗanawa bayan kowane harbi, ya koma sai na ɗaga yatsa harsashi ke fita, maimakon da na taɓa, wanda shi kaɗai ya rage min kuskure sosai. Na koyi dasa alama a taswira don in ga mita nawa ne tsakanina da mutum, in kuma ba lokaci, in ƙirga ƙananan murabba'an taswira, kowanne mita 100. Har na gane da hannuna cewa harsashin Kar98k, da ke tafiyar kusan mita 760 a daƙiƙa, yana cin fiye da rabin daƙiƙa kafin ya kai mita 400, kuma a wannan ɗan lokacin mai gudu ya matsa kusan mita uku, ga harsashin kuma ya sunkuya ƙasa. Duk wannan na sani. Shi ya sa abin ya fi ƙona min rai, don ba jahilci ne ya kashe mu ba.

Taswirar da ta fito mana a daren Miramar ce. Da na ga hamadar nan sai da na yi murmushi ni kaɗai, don in akwai inda aka halitta domin maharbin nesa, to nan ne: duwatsu, kwazazzabai, fili fetal, ba itace ba ciyawa. Muka sauka a gefen El Pozo, babu kowa sai mu. Cikin minti biyar na haɗa UMP45 da jan ɗigo da mariƙi, na sami Kar98k a wani sito, mai caji kuma ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka ɗauki 8x, ni ban san abin da zan yi da shi ba." Kaya sun yi daidai, ɗaya ta kusa, ɗaya ta nesa, kamar yadda kowane mai hankali yake ɗauka.

Sai a gidan ƙarshe kafin mu hau mota na tarar da Mini14, wata bindigar nesa ita ma, ga kuma sikof ɗin 6x a gefenta, kamar wanda aka ajiye min tarko.

Na tsaya a kansu. Abin da ya zo min a rai shi ne, Miramar ce fa, wa zai zo kusa da kai a Miramar? In na buɗe kan mutum da Kar98k bai faɗi ba, sai in juya Mini14 in ƙarasa shi da sauri, ba sai na jira kulki ba. Ga 6x zai tafi a banza in na bar shi. Ban tambayi kowa ba. Na yar da UMP45, na zubar da harsasanta na .45 duka don jaka ta ɗauki 5.56, na fito. Ƙanena ya gani a jikina da muka shiga mota, ya ce, "Yaya, ina ƙaramar bindigarka?" Na ce masa ya tuƙa kawai. Da ma 6x ɗin na miƙa wa ɗan Maraɗi ya ɗora a M416 ɗinsa ya rage shi zuwa 3x, da ya yi mana amfani mu duka. Amma ina, kwaɗayi ya riga ya rufe min ido.

Da'ira ta huɗu, wato karo na huɗu da filin wasa ya tsuke, ta same mu a duwatsun kudu da Pecado, mutum talatin da wani abu a raye. Mun sami wuri mai kyau ƙwarai: wasu 'yan ɗakuna biyu a gindin tudu, su ukun suka shiga, ni kuma na hau saman tudun. Aikina a fili yake, ɗan Maraɗi ma sai da ya maimaita: "Bakano, kai ke sama, ka tsare muna baya." Daga inda nake ina ganin hanyar da ta biyo bayan tudun, ina ganin gefen da shuɗin zon, mai cin jinin duk wanda ke wajen da'ira, zai turo mutane. Ba a ce in kashe kowa ba. Ido kawai ake so in zama.

Na yi minti ɗaya ina yin abin da aka sa ni. Sai na hango ƙura can gabas, wajen mita 350, wani ya sauka daga mota ya laɓe bayan dutse. Na buɗe 8x. To, wanda bai taɓa amfani da shi a waya ba, abin kamar leƙe ta cikin bututun ruwa ne. Dutsen da mutumin suka cika min fuskar waya, duk sauran duniya ta ɓace. Akwai ɗan majanyi a gefe da za ka iya rage shi zuwa 4x ka ga fili sosai, na san da shi, ban taɓa shi ba. Mutumin ya leƙo. Na ga hularsa sarai, baƙar hular kwanon nan mai rufin fuska, ta mataki na uku. Kuma na san, kamar yadda na san sunana, cewa Kar98k ba ta kayar da mai wannan hular da harsashi ɗaya in jininsa a cike yake. Bindiga irin AWM ce ke wannan aikin, ita kuma sai a akwatin jirgi. Bindigata ba salansa mai rage ƙarar harbi. Babu wanda ya san muna wurin.

Na harba.

Na same shi a ka kuwa, jini ya yi tsalle, abin da har yanzu wani ɓangare na zuciyata ke alfahari da shi, Allah ya shirye ni. Bai faɗi ba. Ya koma bayan dutse yana ɗaure rauni. Ƙarar kuma ta karaɗe kwarin gaba ɗaya, duk wanda ke kusa ya ga jar alamar harbi a ƙaramar taswirarsa tana nuna masa tudunmu. Mai caji ya ce, "Wa ya yi harbi?" Na ce, "Ni ne, na fasa masa hula, saura kaɗan." Ƙanena ya ce, "Yaya, ƙyale shi don Allah, ba ya gabanmu."

A nan ne ya kamata in rufe sikof, in sauya wuri, in waiwaya. Sai na kwanta rub da ciki a inda na yi harbin, na juya Mini14, na kafa 6x a bakin dutsen ina jiran ya sake leƙowa. Da na ga bai fito ba na koma Kar98k da 8x don in ga ko ƙafarsa ta fito. Na sake komawa Mini14. Ina ta wasa da madubai biyu kamar mai gwada tabarau a kasuwar Sabon Gari. Na ji ƙarar mota, ba zan ce ban ji ba, iyafis na kunnena. Amma ta zo min kamar ƙarar da ake ji cikin barci, na ce a raina ta can nesa ce. Alamar motar ta fito a ƙaramar taswira, idona bai je wurin ba. Daga baya da muka lissafa, na yi fiye da daƙiƙa arba'in ban fita daga sikof ba in ban da lokacin sauya bindiga. A wasan da ake share tawaga guda cikin daƙiƙa goma.

Abin da ya farkar da ni muryar ɗan Maraɗi ce: "Bakano, mi kake kallo? Sawu! Sawu bisa kanka!" Na rufe sikof, na miƙe, na juya. Mutum biyu, bai fi taku goma tsakaninmu ba. Yatsana da kansa ya tafi inda UMP45 take zama, ya danna, sai ga Mini14 a hannuna, mai fitar da harsashi ɗaya-ɗaya, da 6x a kanta. Na buɗe sikof don sabo, ban ga komai ba sai launin rigar mutum ya cika min waya. Na rufe, na yi ta dannawa a makance. Harsashi biyu ko uku na saki. Da UMP45 ce, da harsashi 25 a cikinta, ina da yaƙinin da na kayar da na farkon, ko ba komai da na ba yarana lokacin hawowa. Suka kayar da ni, suka ƙarasa ni a wurin ba tare da ɓata lokaci ba.

Sauran kuma ba sai na ja ba. Tudun da aka ba ni tsaro ya koma hannunsu, 'yan ɗakunan nan biyu suna ƙarƙashinsu kamar kwano. Gurneti uku suka jefa. Mai caji ya tafi da na farko. Ɗan Maraɗi ya fito ya kayar da ɗaya kafin su haɗu a kansa. Ƙanena ya jefa hayaƙi ya ruga wajen mota, kuma wanda ya harbe shi daga gabas, ina kyautata zaton, mutumin nan ne mai fasasshiyar hula da na tsokano. Muka fita a tawaga ta tara. Aka zabge masa maki.

Bencin ya yi tsit. Mai caji ya tashi ya shiga shago yana duba wayoyin mutane da ba su buƙatar dubawa. Ni kuma na yi abin da bai kamata ba, na danna maimaicin mutuwa, wanda ke nuna maka ƙarshenka ta idon wanda ya kashe ka. Na ga kaina. Wani ɗan tsurut kwance a kan tudu, ya ba duniya baya, ko motsi ba ya yi. Mutumin ya hawo a guje, da ya gan ni sai ya rage gudu, ya tsaya, kamar yana tantamar ko wayata ce ta mutu. Har ya jira abokinsa ya iso. Wannan tsayuwar tasa ta fi harsasan yi min ciwo.

Muka sake shiga wani wasan cikin fushi, wanda shi ma kuskure ne, muka sauka Pecado don mu rama da kisa, aka share mu kafin minti uku. Maki ya ƙara zubewa. Ƙanena ya cire iyafis, ya naɗe shi a hankali, ya ce, "Sai da safe, Yaya." Bai ƙara ko kalma ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Mutane da na ba labarin suna cewa to ka daina ɗaukar 8x mana. Ban yarda ba, kuma ba taurin kai ba ne. Sikof ɗin bai yi laifin komai ba, ya nuna min abin da na nufa da shi, har hular da ta ce min kada in harba ya nuna min. Ina ɗaukarsa har gobe. Abin da ya canja shi ne yanzu a 4x nake barin sa, da shi nake share fili, sai na riga na zaɓi mutum kuma na yanke shawarar harbi nake tura shi 8x. In na buɗe ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, in ban harba ba in rufe, in ja alamar idon nan ta waiwaye in duba hagu da dama da baya, in kalli ƙaramar taswira, sannan in koma. Da farko abin ya dame ni, don sau da yawa daidai lokacin da na rufe ne mutumin ke leƙowa. Na haƙura. Na daina kwanciya a kan tudu, ina tsugunawa bayan dutse in leƙa ta gefe, in na yi harbi biyu a wuri ɗaya in tashi ko na samu ko ban samu ba. In bindigata ba salansa kuma ba wanda ya san da mu, sai na tambaya kafin in harba, abin da a da nake gani kamar raini ne a ce babba yana neman izinin ƙanensa. Mai baƙar hula kuwa, in ba AWM ce a hannuna ba, ko kuma wani cikinmu ya shirya mu saki tare, kallonsa kawai nake in dasa masa alama.

Amma duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne. Ko da na yi duk shirmen da na yi a kan tudun nan, na harbi mai hula, na kwanta, na yi daƙiƙa arba'in a cikin bututu, da UMP45 tana bayana da akwai sauran magana. A gidan ƙarshe na El Pozo aka kashe mu, minti ashirin kafin a harbe mu. Bindiga ta biyu ba ta maharbi ba ce, ta tawaga ce, ita ce kuɗin motar komawa gida. Ni kuwa na sayar da ita don madubi na biyu da zai nuna min abin da na farko ya riga ya nuna min. Har yanzu in na tuna yadda na tsaya ina zubar da harsasan .45 da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina mai dabara, sai in ji kamar in kifa wayar.

Sabuwar kaka ta fara, an mayar da mu duka baya, ƙanena ya koma tattalinsa daga tushe. Na saya masa datar wata guda ban ce komai ba, shi ma ya karɓa bai ce komai ba. Shekaranjiya Miramar ta sake fito mana. Ina riƙe da M24 ta nesa da 8x, da wata tsohuwar UZI ta kusa ko jan ɗigo babu, sai ga SKS, wata ta nesa, da 6x a kan tebur a wani gida a San Martin. Na tsaya a kansu, ban fi daƙiƙa biyu ba, na rantse. Ban san ƙanena yana bayana ba sai da na ji muryarsa a kunne, a hankali: "Yaya." Na dasa wa 6x ɗin alama na ce ɗan Maraɗi ya zo ya ɗauka, na fita ta taga.